Daga Akwatin Talabijin Zuwa Dandamali: Shekara 56 da Cinderella Ta Yi a Hanya

A daren Lahadi, 31 ga Maris 1957, gidan talabijin na CBS a Amurka ya nuna wani wasan kwaikwayo mai waƙe-waƙe kai tsaye daga birnin New York. Sunan wasan Cinderella. Richard Rodgers ne ya tsara kiɗan, Oscar Hammerstein na Biyu ya rubuta labarin da baitocin, sannan wata 'yar Ingila mai shekara 21, Julie Andrews, ta fito a matsayin marainiyar. Alƙaluman da aka fitar daga baya sun ce mutum miliyan 107 ne suka kalla, wato wajen kashi 60 cikin ɗari na jama'ar ƙasar a wancan lokaci. Ko da mutum ya rage wani abu saboda zuzutawar masu talla, ba a taɓa tara jama'a haka a gaban akwatin talabijin ba kafin wannan dare.

Ɗakin da aka ɗauki shirin yana kan titin Broadway, ta wajen arewa. Daga nan zuwa unguwar manyan gidajen wasan kwaikwayo na birnin, tafiyar ba ta kai kilomita uku ba. Amma sai a watan Maris na 2013 wannan wasa ya taka dandamalin Broadway, bayan shekara 56, lokacin da duka mutanen biyu da suka ƙirƙire shi sun daɗe a ƙasa. Hammerstein ya rasu a 1960, Rodgers a 1979. Kuma ba wai baƙi ba ne a unguwar. Su ne suka yi Oklahoma! da South Pacific da The King and I, kuma su ne za su yi The Sound of Music a 1959. In da suna kaɗai ke buɗe ƙofar gidan wasa, da Cinderella ta shiga tun a shekarar da aka nuna ta.

Ga wanda bai saba da harkar ba, Broadway suna ne da ake kiran rukunin manyan gidajen wasa 41 da ke tsakiyar New York, kowannensu yana da kujera 500 ko fiye. Ana yin wasa sau takwas a mako, 'yan wasa da makaɗa suna nan a gabanka da jikinsu, babu tsayarwa babu maimaitawa. Tikiti ɗaya yakan haura dala 100. Irin wasan da muke magana a kai kuwa shi ne wanda ake cikin zance sai a ɓarke da waƙa da rawa, kuma waƙar tana tura labarin gaba, ba hutu ba ce daga gare shi.

Da farko dai hanyar daga dandamali take zuwa talabijin, ba akasin haka ba. A watan Oktoba na 1954 aka buɗe Peter Pan a Broadway, Mary Martin tana fitowa a matsayin yaron da ya ƙi girma. An yi wasan sau 152, aka rufe, aka kwashe 'yan wasan da kayansu zuwa gidan talabijin na NBC, wanda ya nuna shi kai tsaye ranar 7 ga Maris 1955. An ƙiyasta masu kallo miliyan 65. Wannan adadi ne ya tayar da hankalin sauran tashoshi, kowa ya shiga neman nasa. CBS tana son wasan da zai dace da Julie Andrews, wadda a lokacin take tashe a My Fair Lady, kuma samun damar aiki da ita na cikin abin da ya ja Rodgers da Hammerstein suka karɓi kwangilar. Ran Lahadi kuwa ba a yin My Fair Lady, don haka ta samu sararin fitowa.

Labarin ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taso yana jin tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa: yarinya tana bauta a hannun kishiyar uwa da 'ya'yanta biyu, wata mai siddabaru ta mayar mata da kabewa keken doki, ta je liyafar fada, ta gudu da ƙarfe sha biyun dare ta bar takalmin gilashi ɗaya, yarima ya bi gida gida yana neman mai ƙafar. Abin lura shi ne yadda aka ɗinka wasan daidai jikin talabijin. An ba shi minti 90, a ciki har da tallace-tallacen Pepsi da na wani kamfanin turare, abin da ya rage wa labarin bai kai minti 80 ba. Dole kowane ɓangare ya ƙare a inda za a saka talla. Ɗakin ɗaukar shirin ƙarami ne, 'yan wasa da makaɗa da manyan kyamarori a cunkushe. Inda ake buƙatar siddabaru kuwa kyamara ce ke yin aikin: ta kau da kai zuwa wani wuri, kafin ta dawo an sauya wa yarinyar sutura.

Duk waɗannan dabaru da suka sa wasan ya yi kyau a akwati su ne suka zame masa cikas a zaure. Mai sayen tikitin Broadway ya saba da wasan sa'a biyu da rabi, da hutu a tsakiya, kuma yana son a tashi hutun nan da wani abu da zai hana shi tafiya gida. Tatsuniyar da ta cika minti 76 ba ta da wannan tsoka. Ga kuma maganar fuska. A talabijin, idan Julie Andrews ta zauna a lungun murhu tana waƙa a hankali, kyamara tana matsowa har ka ga ƙiftawar idonta. Wanda ke zaune a jere na ƙarshe a bene na sama kuwa, abin da yake hangowa wata 'yar ƙaramar halitta ce a can nesa. Sai an buɗe murya, an faɗaɗa motsi, an cika dandamalin da mutane.

Turawan Ingila ne suka fara gwadawa. A watan Disamba na 1958 aka kai wasan gidan Coliseum da ke Landan, aka mayar da shi irin wasan barkwancin da suke yi wa iyalai lokacin Kirsimeti, wanda 'yan kallo ke mayar wa 'yan wasa da magana da ihu. Aka ƙaro wani bawan gida mai suna Buttons, wanda babu shi a rubutun Hammerstein, aka ba mawaƙin zamani Tommy Steele wannan matsayi, aka kuma aro waƙoƙi daga wani tsohon wasan mutanen biyu, Me and Juliet, don a cike gurbi. Tun daga wannan gwaji na farko aka ga abin da zai riƙa faruwa: duk wanda ya ɗauko Cinderella zuwa dandamali sai ya yi mata ƙari.

Kafin mu bi ta zuwa 2013, akwai wani wasa da ya riga ta haihuwa kuma ya riga ta tsallakewa. Ranar 24 ga Disamba 1951, NBC ta nuna Amahl and the Night Visitors, na Gian Carlo Menotti, ɗan asalin Italiya. Shi ne wasan opera na farko da aka rubuta musamman don talabijin a Amurka. Labarin wani yaro ne gurgu, makiyayi, da mahaifiyarsa matalauciya, waɗanda sarakuna uku suka yada zango a bukkarsu a kan hanyarsu ta zuwa ganin jaririn da aka haifa a Baitalami. Bai kai sa'a guda ba. Cikin 'yan watanni, a 1952, an riga an yi shi a dandamali a Jami'ar Indiana da kuma New York, daga nan ya bazu coci-coci da makarantu da ƙananan ƙungiyoyi, har ya zama ɗaya daga cikin wasannin opera da aka fi maimaitawa a Amurka. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Menotti ya rubuta shi yana tuna dandamali duk da cewa talabijin ce ta ba shi aikin. Kusan komai a wuri ɗaya yake faruwa, manyan 'yan wasa shida ne, sai 'yan amshi. Kowace majami'a da ke da yaro mai murya da fiyano ɗaya za ta iya. Ga kuma Kirsimeti da ke dawowa kowace shekara ta nemo shi.

Sauran 'yan zamaninsu ba su yi wannan sa'a ba. Aladdin na Cole Porter, wanda CBS ta nuna a watan Fabrairu na 1958 kuma shi ne aikinsa na ƙarshe, ya leƙa Coliseum na Landan a ƙarshen 1959, daga nan aka daina jin ɗuriyarsa. Evening Primrose na Stephen Sondheim, wanda ABC ta nuna a 1966, waƙoƙinsa ne suka rayu a bakin mawaƙa, wasan kansa bai taɓa samun gurbi a Broadway ba.

Ita kuwa Cinderella talabijin ce ta ci gaba da riƙon ta. Na 1957 kai tsaye aka yi shi, abin da ya saura sai wani kwafi marar launi da aka ɗauka daga fuskar akwati, don haka CBS ta sake sabo a 1965, da Lesley Ann Warren mai shekara 18. Wannan an naɗe shi a faifai, aka yi ta maimaita shi shekara da shekaru, har yara da yawa na wancan zamani suka ɗauka shi ne na asali. Sai kuma na 2 ga Nuwamba 1997 a tashar ABC, wanda ya fi kowanne tasiri a wajen 'yan baya. Brandy, baƙar fata, ita ce Cinderella. Whitney Houston ce mai siddabarun. Whoopi Goldberg ce sarauniya, sarkin Bature ne, Victor Garber, ɗansu yarima kuma Paolo Montalban, ɗan asalin Filifin, kuma babu wanda ya tsaya yin bayanin yadda aka yi haka. An kashe wajen dala miliyan 12, masu kallo kimanin miliyan 60. A tsakanin waɗannan shekaru wasan yana yawo a makarantu da gidajen wasa na jihohi, kamfanin opera na birnin New York ya yi shi a 1993, an kuma zaga ƙasa da shi a farkon shekarun 2000 tare da Eartha Kitt. Wato dai dandamali ya karɓe ta tun tuni. Broadway ce kawai ta yi ta jan ƙafa.

Da lokacin ya yi, masu zuba jari suka kira marubuci Douglas Carter Beane ya sake ginin labarin. A nasa rubutun iyayen yarima sun mutu, wani waziri mai suna Sebastian ne ke juya ƙasar yana ƙwace filayen talakawa da hatimin yaron. Akwai ɗan gwagwarmaya, Jean-Michel, da ke tara jama'a a kasuwa. Ɗaya daga 'ya'yan kishiyar uwar ta zama mai tausayi. Har zaɓen firaminista aka yi kafin a tashi. Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta takalmi. Idan yarinya ta yar da shi kafin hutu, kowa ya san saura, babu abin da zai riƙe mutum a kujera. Sai Beane ya sa ta dawo ta ɗauke abinta a daren farko, aka sake shirya wata liyafa a kashi na biyu, a nan ne ta ajiye shi da gangan. Waƙoƙin ƙari kuwa daga ma'ajiyar Rodgers da Hammerstein aka tono su, ciki har da waɗanda aka cire daga South Pacific tun kafin a buɗe shi a 1949.

An buɗe ranar 3 ga Maris 2013, Laura Osnes da Santino Fontana a gaba. Ra'ayin masu sharhi ya rabu, kuma ina tare da waɗanda suka ce siyasar da aka cusa ba ta zauna daidai a kan waƙoƙin Hammerstein masu sauƙin zuciya ba. Ana jin wurin ɗinkin. Amma akwai abu ɗaya da ba a yi gardama a kansa ba, shi ne sutura. Abin da kyamara ta ɓoye a 1957, mai tsara suturar wasan, William Ivey Long, ya yi shi a bainar jama'a: yarinya tana juyi da tsumma a jikinta, kafin ta tsaya tsumman ya nannaɗe ya ɓace, farar rigar liyafa ta zubo. Daga cikin lambobin Tony tara, wato lambobin yabo na Broadway, da aka saka wasan takara, wannan ɗaya ta sutura ce ya ci. Kuma a ganina nan ne amsar tambayar ko wasan talabijin zai iya rayuwa a dandamali take. Wasan ya yi nasara daidai wurin da aka daina kwaikwayon talabijin aka nemi abin da dandamali kaɗai ke iya bayarwa.

A watan Satumba na 2014 Keke Palmer ta karɓi matsayin, ta zama baƙar fata ta farko da ta fito a matsayin Cinderella a Broadway, abin da da wuya ya faru in ba don Brandy ta share hanya a 1997 ba. An rufe a farkon Janairu 2015 bayan wasa 770, a lokacin kuwa an riga an fara zagayen ƙasa. Wannan ba abin rainawa ba ne. Sai dai a yi lissafi. Zauren yana ɗaukar mutum wajen 1,760. Ko da kowane dare ya cika maƙil, duk waɗanda suka kalla cikin kusan shekara biyu ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba. Kafin a tara mutanen da suka kalli Julie Andrews a dare ɗaya, sai an yi sama da shekara 140 ana cika zauren sau takwas a mako. Kasuwa biyu ce daban, kuma mai kallon kyauta a falonsa bai yi wa kowa alkawarin zai sayi tikiti ba.

Kamfanin Disney ya fahimci wannan fiye da kowa. Ranar 20 ga Janairu 2006 tasharsa ta yara ta nuna High School Musical, fim ɗin da aka yi da kuɗi kaɗan a wata sakandare da ke Salt Lake City, game da ɗan ƙwallon kwando da wata yarinya mai ƙwazon karatu da suka shiga wasan waƙa na makaranta. Mutum miliyan 7.7 suka kalla a daren farko, faifan waƙoƙinsa ya fi kowanne ciniki a Amurka a shekarar, kashi na biyu kuma ya tara miliyan 17.2 a 2007. Da irin wannan farin jini, kowa zai zaci Broadway za a nufa. Disney bai je ba. Ya sa aka rubuta sigar dandamali, ya riƙa sayar wa makarantu lasisin yin ta, ya kuma fitar da ƙwararru zagayen birane, har Landan a 2008. Dubban makarantu da ƙungiyoyi suka yi wasan. Ɗalibai ne ke fitowa a matsayin ɗalibai, a zauren makarantarsu, iyayensu ne 'yan kallo. Ba a buƙatar miliyoyin daloli, kuma ba mai sharhin jarida da zai iya kashe shi.

A cikin wannan fim akwai wani sirri da ke nuna wani bambancin. Yawancin waƙoƙin da jarumin, Zac Efron, ya bayyana yana rerawa, muryar wani mawaƙi ce mai suna Drew Seeley aka haɗa da tasa. Da aka fita zagayen waƙa a gaban jama'a a ƙarshen 2006, Efron yana wurin ɗaukar wani fim, Seeley ne ya tsaya a gurbinsa. Mai kallon finafinan Hausa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan, domin ya san jarumi daban mawaƙi daban, kuma ko a wurin gala faifai ake sakawa jarumi ya bi da baki da rawa. A Broadway ba a yarda da haka ga babban ɗan wasa ba. Wanda aka gani shi ake so a ji, yana rawa yana waƙa, sau takwas a mako, wata da watanni. Taurarin talabijin da yawa ba su da wannan huhu, waɗanda suke da shi kuma ba kasafai suke yarda su bar aikin fim su ɗaure kansu shekara guda ba. Sai a kai sunan wasan dandamali, fuskokin da jama'a suka so su zauna a gida.

Hakan ne ya sami Smash. Shiri ne mai dogon zango da NBC ta fara nunawa a watan Fabrairu na 2012, Steven Spielberg na cikin masu ɗaukar nauyinsa, haka ma Craig Zadan da Neil Meron, waɗanda suka shirya Cinderella ta 1997. Labarin yadda ake haɗa wasan Broadway ne a kan rayuwar Marilyn Monroe, da 'yan mata biyu, Megan Hilty da Katharine McPhee, suna kokawar samun matsayin. Marc Shaiman da Scott Wittman suka rubuta waƙoƙin, kuma ko masu sukar shirin sun yarda waƙoƙin na da kyau. An fara da masu kallo sama da miliyan 11, suka yi ta zubewa, aka dakatar da shi a 2013 bayan kashi 32. Sai dai ya bar masoya masu naci. A watan Yuni na 2015 'yan wasan suka taru suka rera waƙoƙin dare ɗaya a wani gidan wasa na Broadway don tara kuɗin agaji, tikiti ya ƙare nan da nan. Wannan dare ne ya ƙarfafa wa masu jari gwiwa.

In akwai shirin talabijin da ya kamata ya ji daɗin zama a Broadway, to wannan ne, tun da labarin gidan ne. An buɗe shi ranar 10 ga Afrilu 2025 a gidan Imperial, ƙarƙashin darakta Susan Stroman. Amma labarin da ya ɗauki sama da sa'a 20 a talabijin ba ya shiga sa'a biyu da rabi, don haka marubutan suka ajiye shi gefe suka ƙirƙiro wasan barkwanci sabo, suka riƙe waƙoƙin da wasu sunaye. Masoyan shirin suka zo ba su tarar da mutanen da suka sani ba, waɗanda ba su taɓa kallon shirin ba kuma sunan bai ce musu komai ba. Ba girin-girin ba, ta yi mai, in ji masu iya magana. An rufe ranar 22 ga Yuni 2025, bayan wasa 84 kacal, ba tare da lambar Tony ko ɗaya ba.

Kada a ɗora wa talabijin laifin duka. Mafi yawan sababbin wasannin Broadway ba sa mayar da jarinsu, ko daga littafi aka ɗauko su ko daga fim ko daga kan marubuci. Amma tarihin shekara 70 ɗin nan ya nuna wasu abubuwa a fili. Wasan da aka rubuta don a kalle shi a zama ɗaya, mai labari guda da waƙoƙin da kowace murya mai kyau za ta iya ɗauka, yana tsallakewa, kamar Amahl da Cinderella da High School Musical. Shiri mai dogon zango, wanda ƙarfinsa ke cikin sabo da fuskoki mako bayan mako, yana shan wuya. Kuma duka ukun da suka tsallake, a makarantu da majami'u da ƙananan gidajen wasa suka yi yawancin rayuwarsu. Biyu daga cikinsu ma ba su dogara da Broadway ba ko kaɗan, ta ukun kuma ta je ne bayan ta shekara 56 tana ci da kanta a wasu wurare.

Don haka ga mai tambaya ko wasan waƙa na talabijin zai iya komawa dandamali ya yi nasara, amsar ita ce e, zai iya, da sharaɗin a sake rubuta shi don zaure, kuma kada a auna shi da Broadway kaɗai.